Yadda Ake Shirya Ɗan Aji Goma Sha Ɗaya da Iyayensa Domin Neman Jami'a a Amurka

Mutanenmu da zama ya kai su Amurka, kamar waɗanda suka taru a unguwar Bronx ta birnin New York daga zangunan Gana da ƙasar Nijar da Arewacin Nijeriya, galibinsu sun taso ne a ƙarƙashin tsarin da jarrabawa guda ko biyu ke yanke wa yaro hukunci, ko WAEC da JAMB, ko kuwa bakaloriya; saboda haka sai ka ga uba, duk da ƙaunar da yake yi wa ɗansa da irin wahalar da yake sha dominsa, ya zauna yana jiran ranar babbar jarrabawa, alhali kuwa a tsarin Amurka babu wata rana mai wannan siffa. Sakandarensu aji huɗu ce, daga na tara zuwa na goma sha biyu, kuma da yake tsakanin Nuwamba da Janairu na ajin ƙarshe ake aika takardun neman shiga, tun kafin sakamakon wannan aji ya kammala, shekarar ƙarshe da jami'a za ta gani cikakkiya ita ce ta aji goma sha ɗaya, lokacin da yaro yake da shekara 16 ko 17. A cikinta ake yin mafi yawan aikin.

Abu na farko, da zarar an koma makaranta a Agusta ko Satumba, shi ne uba ko uwa su taka da ƙafarsu zuwa wurin malamin shawara, wanda aka ɗora wa alhakin lura da darussan ɗalibai, kuma wanda zai rubuta wa jami'a shaida a kan yaron nan gaba. A nemi takardar sakamakon aji tara da na goma, a karanta ta tare da shi, a tambaye shi darussan da suka rage. Wanda Turancinsa bai nuna ba kada kunya ta hana shi zuwa, domin wajibi ne a kan makarantun gwamnati su samar masa da tafinta. A wannan zama ne ake duba batun darussan AP, waɗanda nauyinsu ya kai na shekarar farko ta jami'a, ana jarrabawarsu a watan Mayu, makinsu daga 1 zuwa 5. Jami'o'i suna auna nauyin darasi tare da makin da aka ci a cikinsa, amma a ganina gara yaro ya ɗauki biyu a fannin da yake da ƙarfi ya ƙware, da a jibga masa biyar ya kasa barci.

Sai jarrabawa. A Oktoba makaranta za ta shirya PSAT, wadda gwaji ce, ko da yake ta hanyarta ake shiga gasar tallafin National Merit. Bayanta yaro ya zaɓi ɗaya daga biyu, SAT mai maki daga 400 zuwa 1600, wadda tun 2024 da kwamfuta ake rubuta ta, ko ACT mai maki daga 1 zuwa 36. In SAT ce, ya zauna mata a Maris ko Mayu ko Yuni, domin in makin bai gamsar ba ya sake a Agusta ko Oktoba. A duba kalanda tukuna, don a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris. Babu lalurar biyan malami mai tsada, tunda Khan Academy tana koyar da SAT kyauta, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman a yafe masa kuɗin rajista ta hannun malamin shawara. Gaskiya ne jami'o'i da yawa sun daina wajabta wannan jarrabawa a 2020, lokacin annoba, kuma Jami'ar Kalifoniya ba ta duba ta sam, amma MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Ihtiyaɗi shi ne a rubuta.

Yanzu mun zo kan mas'alar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma iyayenmu suka fi ƙin buɗe baki a kanta, wato kuɗi. A al'adarmu uba ba ya zama da ɗansa ya lissafa masa abin da yake samu a shekara, kuma wannan kunya tana da hikimarta a muhallinta. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin yaron da bai san iyakar aljihun gidansu ba zai ƙwallafa rai a kan makarantar da, ko ta karɓe shi, ba zai iya shigarta ba. Fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, bisa al'ada ana buɗe shi ne ranar 1 ga Oktoba na ajin ƙarshe, amma lissafin harajin da yake dogara a kai na shekara biyu ne kafin shiga jami'a, wato shekarar da ke ƙarewa a Disambar aji goma sha ɗaya. Ma'ana, takardar harajin da uba zai cike a farkon shekara, yaro yana tsakiyar wannan aji, ita ce hujjar da za a auna shi da ita. Saboda haka direban tasi da mai shago da mai kitso, waɗanda cinikinsu hannu da hannu ne, su tsaya su cike ta a kan lokaci kuma bisa gaskiya. A sani kuma fom ɗin ba shi da gurbin abin da ake aika wa dangi a gida kowane wata. Wanda wannan nauyi yake kansa sai ya bayyana shi a wasiƙa ga ofishin tallafi na jami'ar.

Kada farashin da aka buga ya firgita kowa. Doka ta wajabta wa jami'o'in da ke karɓar tallafin tarayya su sa ma'aunin lissafi a shafinsu na intanet, inda mutum zai shigar da abin da yake samu ya ga kimanin abin da zai biya bayan an cire tallafi, kuma sau da yawa makarantar da ta fi tsada a takarda ita ce mafi sauƙi ga talaka: Harvard da MIT, daga 2025, ba sa karɓar kuɗin karatu daga iyalin da samunsu bai wuce dala 200,000 a shekara ba, ko da yake shigarsu aiki ne ja. Irin waɗannan galibi sukan nemi fom na biyu, CSS Profile. Tallafin Pell, wanda kyauta ce ba bashi ba, yana kaiwa dala 7,395 a shekara, ga ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin. Wanda takardunsa ba su cika ba kada ya yanke ƙauna, domin Jihar New York ta yi doka a 2019 da ta buɗe wa irinsa tallafin jiha. Yaro mai hazaƙa daga gida mara ƙarfi ya nemi shirin QuestBridge, wanda ke da ƙofa ta musamman ga 'yan wannan aji a farkon shekara. Amma batun bashin karatu, wanda riba ke hawa kansa, mas'ala ce ta fiƙihu da ta wuce matsayin mai wannan rubutu. Abin da nake cewa kawai shi ne a nemi fatawa yanzu, da sauran shekara guda, kafin takarda ta zo tana jiran sa hannu.

Idan lissafi ya bayyana, sai a zauna a jera makarantu, kamar takwas zuwa goma: kaɗan daga waɗanda samunsu sai an dace, mafi yawa daga waɗanda makin yaro ya yi daidai da nasu, da aƙalla biyu da ake da yaƙinin za su karɓe shi kuma aljihu zai iya, irin su jami'o'in gwamnati na CUNY da SUNY ga mazaunin New York. Kwalejin shekara biyu, wadda daga ita ake wucewa jami'a, hanya ce mai mutunci. A binciki masallacin Juma'a da abincin halal da ƙungiyar ɗalibai Musulmi a kowace. In kuwa 'ya mace ce, kuma iyaye ba za su yarda ta kwana a makaranta ba, adalci shi ne a faɗa mata yanzu, ta nemi na kusa da gida. Zalunci ne a bar ta ta sha wahalar nema, sai an karɓe ta a ce ba za ta ba.

A Afrilu ko Mayu yaro ya je da kansa, cikin ladabi, ya roƙi malamai biyu da suka koyar da shi manyan darussa a wannan shekara su rubuta masa wasiƙar shaida. Ya kuma fara rubuta ayyukansa na wajen aji, domin fom ɗin Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓa, ya ware gurbi goma saboda su. A nan 'ya'yanmu suke zaluntar kansu, suna zaton sai ƙwallo da kiɗa ake lissafawa, alhali haddar Alƙur'ani, da koyar da ƙanana a Islamiyya ranar Asabar, da tsaron shago, da renon ƙanne, da yi wa iyaye tafinta a asibiti, duk ayyuka ne da fom ɗin ya tanadar wa muhalli.

Dogon hutu na rubuta insha'in Common App ne, wanda ba ya wuce kalma 650, kuma a cikinsa ne kaɗai masu tantancewa za su ji muryar yaron kansa. Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i fifita mai nema saboda launin fata a Yunin 2023, amma ta bar masa damar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, saboda haka yaron da ya taso tsakanin Hausa a gida da Turanci a makaranta yana da abin faɗa, muddin ya kama ƙissa guda ya ba da ita dalla-dalla. Iyaye su karanta, su ba da shawara, amma kada su rubuta masa, kada kuma ya sa na'ura ta rubuta. Wannan ha'inci ne, kuma yana iya jawo a soke gurbin.

Ranar 1 ga Agusta Common App yake buɗewa. Nema da wuri iri biyu ne, galibi wa'adinsu 1 ko 15 ga Nuwamba: Early Action, wanda ba ya ɗaure kowa, da Early Decision, wanda alkawari ne da yaro da uba da malamin shawara za su sa wa hannu cewa in an karɓe shi zai janye daga sauran. Mai buƙatar kwatanta tallafin makarantu da juna ya yi hattara da na biyun, domin alkawari kaya ne. Sauran nema wa'adinsa farkon Janairu ne, amsoshi su zo a Maris ko farkon Afrilu, a yi shawara da istihara, a ba da amsa kafin 1 ga Mayu ta wuce.

Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke aji goma sha ɗaya a bana, kuma bai taɓa ganin fuskar malamin shawara ba, ya buga wa makarantar waya a makon nan ya nemi a sa masa rana.