DARASI DON ƘUNGIYOYIN MANOMA: Canja Taya da Ajiyarta a Gida

Darasinmu na wannan wata a kan taya ne.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya ƙaru a ƙasarmu, kaya kuma suka yi yawa a kan hanya. Ƙungiyoyi da dama a Rano da Kibiya suna da a-kori-kura, wasu kuwa amalanken shanu mai tayar mota. To, a ce motar ƙungiya ta ɗauko tumatir da asuba za ta kasuwar 'Yankaba a Kano, sai ta yi faci kafin Bunkure. Safaya ba iska, jak kuma an bar shi a gida. Kafin a samo mai faci rana ta take, tumatir ya fara ruwa, wahalar wata uku ta tafi a banza. In mace mai naƙuda aka ɗauko za a kai asibitin Rano, hasarar ta fi gaban kuɗi. Motar nan da gumin kowa aka saye ta, amana ce a hannunmu. Saboda haka kada a bar sanin taya ga direba shi kaɗai.

KAYAN DA BA A FITA SAI DA SU

Safaya mai iska, jak, sifanar taya, guntun katako mai faɗi, weji biyu, famfo, gejin auna iska da tocila.

YADDA AKE CANJA TAYA

1. A kauce daga kan titi, a tsaya a wuri mai tauri wanda ba gangara. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, a kashe inji. Kowa ya sauka.

2. A sa alama nesa a bayan mota. In ganye aka zuba, a kwashe shi bayan an gama.

3. A sa weji gaba da bayan wata tayar mai lafiya. In ta gaba ta dama ce ta yi faci, a tokare ta baya ta hagu.

4. A sassauta notuna kaɗan tun taya tana ƙasa. In an riga an ɗaga motar, tayar za ta yi ta juyawa, ko motar ta zame.

5. A shimfiɗa katako, a ɗora jak a kai, don ƙasa mai rairayi ko laka takan haɗiye jak. A kafa shi a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙarfi da aka tanada don haka.

6. Da mota ta ɗagu, a tura safaya a kwance ƙarƙashinta, don ko jak ya goce ta tare. In an cire mai facin, sai ita ta koma wurin. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

7. A sa safaya, a ɗaura notuna da hannu tukuna. Kada a shafa musu mai.

8. A sauke mota, sa'an nan a matse da sifana. Ba a bin notuna a jere. In ka matse wannan, sai ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, don taya ta zauna daidai.

9. Bayan tafiyar kamar kilomita 50, a tsaya a sake matse su. Mai facin kuma a kai ta gyara a ranar, kada a ce sai gobe.

ISKA

A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, har da safaya, ko da sau biyu ne a wata. Yawan iskar da ake bukata yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Taya mai ƙarancin iska takan lanƙwashe a ƙarƙashin kaya, ta ɗau zafi, ta fashe, balle a Maris da Afrilu lokacin da kwalta ke ƙuna. In taya ta yi zafi a hanya, kada a rage mata iska. A bar ta ta huce.

SHEKARUN TAYA

Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Nijeriya a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a 2008. Tun daga nan tayoyin waje suka cika kasuwa, da sababbi da 'yan gwanjo. Taya tana tsufa ko ba a mora ta ba, gama roba takan bushe ta tsattsage. A duba gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4. Wadda zanenta ya cinye, ko ta yi ƙulu a gefe, a rabu da ita ko da araha ce. Araha ba ta ado.

AJIYA

A wanke taya, a bari ta bushe sarai. A ajiye ta a ɗaki mai inuwa, a kan katako. Rana tana cin roba, haka kuma fetur, gas, baƙin mai da maganin feshi. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da su ko da janareta.

Tayar da ba ta da ƙarfe a ciki, a tsayar da ita, a riƙa juya ta sau ɗaya a wata. Mai ƙarfe kuwa a kwantar da ita, ko a rataye ta ta ƙarfen. Amalanken da zai daɗe ba aiki, a ɗora shi a kan bulo ko kututture, tayoyin su huta.

Kada a yar da tsohuwar taya a bayan gida da damina. Ruwan da ya kwanta a ciki yakan ƙyanƙyashe sauro cikin mako ɗaya ko kwana goma, har da irin wanda ke kawo shawara. A huda ta, ko a cika ta da ƙasa a shuka yakuwa, ko a ba masu yin takalma. Kafin a sa hannu cikin tayar da ta daɗe a ajiye, a buga ta da sanda saboda kunama da maciji.

AIKIN ƘUNGIYA

A taro mai zuwa, a fito da mota filin majami'a. Direba ya nuna, sa'an nan mutum uku su gwada da hannunsu, har da mace ɗaya da saurayi ɗaya. Magatakarda ya rubuta lambobin kowace taya a littafi. Ma'aji kuma ya riƙa ware wani abu daga kuɗin kowace tafiya don sayen taya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wa ke duba safayarmu, yaushe kuma aka duba ta?
2. Shekarar tayoyinmu nawa?
3. Tsofaffin tayoyi nawa ke tara ruwa a gidajenmu?

Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.