Ka Ajiye Tun Ciwo Bai Zo Ba

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka lura da lokacin da masassarar cizon sauro take kama yaranmu? Cikin damina ne, watan Agusta da Satumba, sa'ad da rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. Yaro yana zafin jiki, uba yana jiran ranar kasuwa ya sayar da akuya. Kwana 3 ya wuce. Na taɓa raka irin wannan yaro Galmi, amma mun makara.

Waɗansu suna cewa wanda ya yi tanadi domin ciwo ba shi da bangaskiya. Ban yarda ba. Ka buɗe Farawa sura 41. Allah ne ya nuna wa Yusufu yunwa tana zuwa, aka tara kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasar Masar har shekara 7.

A birni ma'aikata suna biyan kamfani kuɗi kaɗan kaɗan, in ciwo ya zo shi ya biya magani. Mu ma muna iyawa cikin ikkilisiya. Da kaka, kowane gida ya kawo dami 1. A ajiye har hatsi ya yi tsada, a sayar. Mutum 2 su riƙe kuɗin, na uku ya rubuta, a karanta lissafi gaban jama'a, gama kuɗi yakan raba ƴan'uwa. Kada a taɓa shi domin biki ko suna. Na magani ne, da na motar kai majiyyaci asibiti, ko da tsakar dare.