Sanyin da ba ya ƙarewa

A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi. Duk da haka ruwan randa da sanyinsa. Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Ran da ruwa ya ƙare, sanyi ya ƙare.

Firigo dabam yake. Iska ɗaya ce injinsa ke ta juyawa cikin bututu, ba ta fita. A gidan likita, cikinsa ake ajiye allurar rigakafi, tsakanin digiri 2 da 8. In firigon Tibiri ko na Jiratawa ya tsaya, sai a kira mai gyara daga Maraɗi, tun allura ba ta lalace ba.

Can sama ma ana bukatar sanyi. Masana suna harba manyan madubai don hangen taurari. Waɗansunsu ɗumin taurari masu nisa suke gani. Mai riƙe da fitila ba ya hangen abin da ke cikin duhu. Haka madubi mai zafi, ɗuminsa ke rufe masa ido.

A shekarar 2009 Turawa suka harba madubi mai suna Herschel. Dabarar randa suka bi. Suka ɗura masa ruwan heliyom lita 2300, wanda sanyinsa ya kai digiri 271 ƙarƙashin sifiri. Ruwan yana ta tashi kaɗan-kaɗan. A 2013 ya ƙare sarai, madubi ya makance, alhali ba abin da ya karye a jikinsa.

Madubin James Webb, wanda aka harba a 2021, an yi masa rumfa hawa biyar don kare rana. An kuma sa masa firigo, mai sanyaya ɗaya daga cikin idanunsa zuwa digiri 266 ƙarƙashin sifiri. Amma yana nesa da duniya kilomita miliyan ɗaya da rabi. Wane mai gyara zai je can? Saboda haka aka ƙera injin yadda sassansa masu motsi ba su da yawa, kuma ba su gogar juna, don abin da ke goguwa shi ke cinyewa. Kafin a harba shi, an daɗe ana gwada shi a ƙasa, cikin ɗaki mai sanyi da ba iska.

Tambayoyi
1. Mi ke sa ruwan randa sanyi?
2. Don mi Herschel ya daina gani?
3. Shekara nawa ruwan heliyom ɗinsa ya yi?