Ƙauye a Tsakiyar Kuala Lumpur

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi na tambaya: wai da gaske akwai ƙauye a tsakiyar babban birnin Malesiya?

Ƙwarai kuwa, Malam. Sunansa Kampung Baru. A 1900, zamanin Turawan Ingila, aka keɓe wa manoma 'yan ƙabilar Malay filin. Gonakin sun ɓace, kwalta ta cinye hanyoyin ƙafa, benaye sun kutso, amma gidajen katako masu dogayen ƙafafu na nan daram, tagwayen benayen Petronas na hangensu. A 2020 aka buɗe gadar Saloma ta masu tafiya a ƙasa, wadda ta haɗa unguwar da yankin tagwayen benayen. Gwamnati ta sha yunƙurin sabunta unguwar, sai dai filayen gado ne, magada birjik kan fuloti guda, ga jayayya kan farashi.