Ina hanyar jirgin ƙasa za ta bi?

Nijar ba ta da teku. Shinkafa, da ƙarfe, da magunguna da yawa daga ƙasashen waje suke zuwa. Jiragen ruwa suna sauke su a bakin teku, a Kwatano ko Lome. Daga can sai manyan motoci su ɗauko su.

Manyan motoci suna da amfani, amma suna da wahala. Nauyinsu yana farfasa kwalta. A bakin iyaka suna yin jerin gwano, su kwana su wuni. A cikin gari suna tare ma mutane hanya. Kuɗin mai da na gyara kuwa a kan kaya ake aza su. Uwar gida da ta sayi tiyar shinkafa ita ke biya.

Jirgin ƙasa guda yana jan wago masu yawa. Kayan da motoci da dama za su ɗauka, shi kaɗai yana ɗauke su, ga kuma fasinjoji. Don haka aka daɗe ana shawarar shimfiɗa ma Nijar hanyar jirgi.

A zamanin Turawa hanyoyi da yawa sun doso Nijar, amma babu wadda ta shigo. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gujiyar Maraɗi da ta Damagaram sai an kai ta Nijeriya kafin ta hau jirgi. Hanyar da ta taso daga Kwatano ta tsaya a Faraku a 1936, bayan kilomita 438. Daga Faraku zuwa Gaya, fiye da kilomita 300, sai da mota. Hanyar da ta taso daga Abijan, wadda aka raɗa ma suna Abijan-Nijar, ta kai Wagadugu a 1954, amma ba ta iso Yamai ba.

A 2014 aka fara shimfiɗa hanya daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. An buɗe ta a 2016. Nufin shi ne ta wuce Gaya, ta haɗu da ta Faraku. Sai aikin ya tsaya. Tsakanin Doso da Faraku akwai fiye da kilomita 400 da babu ƙarfe. Kayan da ke bakin teku ba su iya hawa jirgi su iso Doso ba. Motoci suka ci gaba da aikinsu.

Wannan ya nuna abu guda: hanyar jirgi kamar igiyar guga take. In ba ta kai ga ruwa ba, komi tsawonta ba ta shayar da kowa. Shi ya sa masu tsara hanya suke yin tambayoyi uku kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya.

Ta farko: mi jirgin zai ɗauka, zuwa da dawowa? In ya kawo shinkafa, ya kamata ya koma da albasa, da wake, da dabbobi. Jirgin da ke komawa wayam asara yake yi.

Ta biyu: da wace hanya za a haɗa shi? Faɗin hanyoyi ba ɗaya ba ne. Tsakanin ƙarafa biyu na hanyar Doso mita 1 ne, daidai da ta Faraku. Tsofaffin hanyoyin Nijeriya mita 1,067 ne, sababbin kuwa mita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa waccan. Inda faɗi ya bambanta, dole a sauke kaya a sake loda su.

Ta uku: ta ina zai ratsa? Hanya tana cin gonaki, sai an biya masu su. Tana yanke burtali, sai an bar ma makiyaya mashiga. Tasha kuma, in ta yi nisa da kasuwa, fasinjoji mota za su shiga.

A 2021 Nijeriya ta aza harsashin wata sabuwar hanya mai faɗin mita 1,435, daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. An tsara ta bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Mutanen garuruwan nan ƴanꞌuwa ne, sun daɗe suna fatauci da juna. Amma ita ma amfaninta ba zai cika ba sai ta haɗu a Kano da hanya mai faɗinta, wadda za ta kai har bakin teku a Legas.

Tambayoyi

1. Don mi manyan motoci suke da yawa a hanyoyin Nijar?
2. A wane gari hanyar Kwatano ta tsaya?
3. Mi ya hana hanyar Yamai zuwa Doso rage motoci?
4. Waɗanne kaya garinku zai iya aikawa a jirgi?

Lissafi

A ce mota guda tana ɗaukar tan 30, jirgi guda kuma tan 900. Motoci nawa jirgin zai hutar?

Aiki

Ku zana taswirar Nijar. Ku sa Yamai, Doso, Gaya da Maraɗi. Ku ja layi inda akwai ƙarfe, ku yi ɗigo-ɗigo inda babu.