Ɗakin Shari'ar Afomatoks

Ya kai mai karatu, in ka duba taswirar Amurka, wajen gabas za ka ga wata jiha ana ce da ita Barjiniya. An rarraba ta gunduma-gunduma, kowace gunduma da nata ɗakin shari'a. A tsakiyar jihar akwai wata ƙaramar gunduma ta manoma, mai tudu da kwari da itatuwa, sunanta Afomatoks. Sunan kogi ta ci, gama daga cikinta ne kogin Afomatoks ya ke tasowa, ya nufi gabas har ya faɗa kogin Jamis. A da taba su ke nomawa, bayi ne kuwa ke aikin. Cikin shekara ta 1860 fiye da rabin mutanen gundumar bayi ne baƙar fata.

An yanko gundumar daga jikin gundumomi huɗu cikin 1845, don a kawo shari'a kusa da mutane. Akwai wani masaukin matafiya a bakin hanyar keken doki wadda ta tashi daga Ricmon zuwa Lincibag. Nan aka gina ɗakin shari'a da jan bulo cikin 1846. Ka sani ba ƙara kaɗai a ke ji a irin wannan ɗaki ba. Nan a ke ajiye takardun gonaki da na gado da na aure. Saboda haka lauyoyi da 'yan kasuwa suka zo suka zauna kewaye da shi. Bisa ga al'adar Barjiniya, ƙauyen kansa sai aka riƙa kiransa Ɗakin Shari'ar Afomatoks.

To, cikin 1861 yaƙi ya tashi tsakanin Arewa da Kudu, tushensa kuwa maganar bauta ce. Aka shekara huɗu ana zub da jini. Ran 9 ga Afrilu, 1865, rundunar Janar Girant na Arewa ta tare wa Janar Li na Kudu hanya a wannan ƙauye. Mutanen Li ga yunwa ga gajiya, sai ya miƙa wuya. Girant bai wulakanta su ba. Ya ba su abinci, ya bar wa masu dawaki dawakinsu don su yi huɗa, ya sallami wajen mutum 28,000 su koma gida. Sauran rundunonin Kudu suka bi baya, kafin shekarar ta ƙare aka soke bauta a ƙasar duka.

Mutane da yawa suna zaton a cikin ɗakin shari'a aka yi wannan zama. Sunan ƙauyen ne ya ruɗe su. Ran nan Lahadi ce, ɗakin yana rufe. A gidan wani ɗan kasuwa, Wilma Makilin, shugabannin nan biyu suka sadu.

Amma tun kafin yaƙi ƙauyen ya fara ja da baya, domin hanyar jirgin ƙasa ta kauce masa, aka kafa tasha kamar mil uku daga nan. Ciniki ya bi jirgi. Cikin 1892 gobara ta cinye ɗakin shari'ar, har da takardun da ke ciki, wannan kuwa hasara ce babba ga mai gona ko magaji wanda ba shi da wata shaida. Aka gina sabo kusa da tasha, tsohon ƙauyen ya zama kufai.

Daga baya gwamnati ta karɓi wurin, ta gyara gidajen, cikin 1964 aka gama sāke gina tsohon ɗakin bisa siffarsa ta dā. Ba a yin shari'a a ciki, baƙi masu zuwa ganin wurin a ke tarba a nan.