Ra'ayi da Hujja a Labaran Kimiyya da Leƙen Asiri

1.0 Gabatarwa

Labaran kimiyya da fasaha sun daina zama abin da masana kaɗai suke karantawa. Ana jin su a rediyo, ana ganin su a waya, sannan a tattauna su a majalisa da teburin mai shayi da ɗakin malamai. Da zarar an ambaci satar bayanai ko leƙen asiri, kusan kowa yana da abin faɗi. Yawancin abin da ake faɗi kuwa ra'ayi ne na kara-zube, wato ra'ayin da aka furta ba tare da an tsaya an bincika ba. Irin wannan ra'ayi wani lokaci yakan dace da gaskiya, wani lokaci kuma yakan jawo ɓarna. Wannan darasi zai nuna cewa harshen Hausa yana da alamomin da suke taimaka wa mai sauraro ya gane matsayin maganar da aka faɗa masa.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar sirri da asiri da leƙen asiri da sa ido;
ii. bambance tabbataccen zance da rahoto da ra'ayi;
iii. auna maganar da ta shafi kimiyya kafin ya karɓa ko ya yaɗa ta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmomin sirri da asiri duka aro ne daga Larabci, amma Hausa ta raba musu aiki. Sirri shi ne abin da mutum ya keɓe bai so kowa ya sani ba, kamar a ce "lambar sirri" ko "ganawar sirri". Asiri kuwa ya fi faɗi, domin ya haɗa da mutuncin mutum da halin da yake ciki, shi ya sa ake cewa "rufin asiri" da "tonon asiri". A wani muhallin ma asiri yana nufin sihiri.

Leƙen asiri shi ne neman sanin abin da wani ya ɓoye ba da saninsa ba. Sa ido kuma fuska biyu gare shi. Idan aka ce hukuma tana sa ido a kan farashin kaya, ba a zarge ta ba. Idan aka ce wane ɗan sa ido ne, an kushe shi. Saboda haka mai fassara labari da ya ce "gwamnati tana sa ido a kan wayoyi" da wanda ya ce "gwamnati tana leƙen asirin jama'a" ba abu ɗaya suka faɗa ba, ko da daga labari ɗaya suka ɗauko. Tun daga zaɓen kalma ra'ayi yake fara shiga cikin labari.

3.0 Matakan Zance Uku

Ana iya kasa maganganun da ake yi game da labari kashi uku. A dubi waɗannan jimloli:

(a) Gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa a shekarar 2020.
(b) An ce wai ana sauraron duk wanda ya haɗa layinsa.
(c) A ganina haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ba shi da amfani.

Jimla ta (a) tabbataccen zance ce, domin tana da aikau da aiki da lokaci, kuma ana iya bin diddiginta. Jimla ta (b) rahoto ce. Kalmar "an" ta ɓoye wanda ya faɗa, kalmar "wai" kuma ta nuna cewa mai magana bai ɗauki alhakin gaskiyar zancen ba. Jimla ta (c) ra'ayi ce a fili, kuma mai ita ya yi adalci tun da ya sanya "a ganina".

Wasu kalmomin da suke nuna matsayin zance su ne "wataƙila" da "mai yiwuwa", masu nuna shakka. "Lalle" da "tabbas" da "babu shakka", masu nuna ƙarfafawa. Da "ashe", mai nuna cewa mai magana ya gano abin da bai sani ba a da. Matsalar da ake samu ita ce alamomin shakka sukan zube yayin da zance yake yawo. Mutum na farko zai ce "na ji wai ana sauraron waya", na biyu ya ce "an ce ana sauraron waya", na uku ya ce "ashe ana sauraron waya". Babu wata hujja da ta ƙaru tsakanin na farko da na uku, amma zancen ya tashi daga jita-jita ya koma kamar tabbatacce.

4.0 Zargin da Ya Tabbata

Kuskure ne a ɗauka cewa duk zargin da talaka ya yi wa hukuma shirme ne. Kafin shekarar 2013 akwai mutane da yawa a Amurka da suke zargin cewa gwamnatinsu tana tattara bayanan wayoyinsu, ana kuwa ɗaukar su masu yawan zato. A watan Yuni na 2013 wani ma'aikacin kwantiragi na hukumar tsaron Amurka ta NSA, mai suna Edward Snowden, ya miƙa wa 'yan jarida takardun sirri. Jaridar The Guardian ta buga umarnin wata kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa wa hukumar bayanan kiran abokan hulɗarsa. A watan Mayu na 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa dokar da aka dogara da ita ba ta halatta wannan aiki ba, kuma a watan Yuni na shekarar majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta hana tattara bayanan ta wannan siga.

Akwai darasin harshe a nan. Masu ra'ayin kara-zube sun taƙaita labarin da cewa "suna sauraron kowa". Abin da umarnin kotun ya shafa shi ne bayanan kira, wato lambar da ta kira, da lambar da aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa, ban da maganar da aka yi. Wannan bai rage girman lamarin ba. Wanda ya san cewa wata lamba tana yawan kiran likitan wata cuta, ko lauya, ko ɗan jarida, ya san abu mai yawa game da mai lambar ko da bai ji kalma ɗaya ba. Sai dai aikatau "saurara" da aikatau "tattara" ma'anarsu daban, kuma wanda ya musanya su ya bai wa wanda ake zargi damar musanta zancen gaba ɗaya.

5.0 Zargin da Bai Tabbata Ba

A farkon shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta bazu, an yaɗa cewa tsarin sadarwa na 5G ne yake haddasa ta. A Ingila zancen ya kai ga cinna wa turakun sadarwa wuta a watan Afrilu na shekarar, aka kuma riƙa cin zarafin ma'aikatan da suke gyara su. Zancen ya iso Nijeriya ta kafofin sada zumunta, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta bayyana cewa ba a bai wa kowane kamfani lasisin gudanar da 5G ba a lokacin.

Lissafin kwanaki kaɗai ya isa ya rushe wannan zargi. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ba a yi gwanjon lasisin 5G ba sai a watan Disamba na 2021, kuma sai a 2022 jama'a suka fara amfani da shi. Ta fuskar kimiyya kuma, ƙwayar cuta ce take haddasa korona, tana bin numfashi da tari daga mutum zuwa mutum, ba ta bin igiyar rediyo.

Idan aka jera wannan misali da na Snowden za a ga cewa zarge-zargen biyu da siga ɗaya suka fara, wato "an ce wai". Masu yaɗa su duka sun yi magana da ƙarfin zuciya, kuma duka sun dogara da karin maganar nan mai cewa ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya raba su shi ne hujja. Na farko ya zo da takardu da sunan wanda ya fitar da su da hukuncin kotu. Na biyu bai zo da komai ba sai maimaitawa.

6.0 "Wanda Ba Shi da Laifi Ba Ya Tsoro"

Wani ra'ayi da ake yawan ji shi ne cewa mai gaskiya bai kamata ya damu da leƙen asiri ba, tun da ba shi da abin ɓoyewa. Wannan magana ta ɗauki sirri a matsayin mafakar mai laifi, alhali ma'anar kalmar ba haka take ba. Tsarin gidan Bahaushe ma shaida ne. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, a wasu gidajen kuma har rubuta "ba shiga" ake yi a ƙofa. Babu mai cewa maigidan ɓarawo ne don ya yi haka. Bashin da ake bin mutum, da ciwon da yake fama da shi, da saɓanin da ke tsakaninsa da iyalinsa, duk ba laifi ba ne, amma ba ya so a baza su a kasuwa.

Haka kuma sakacin mutum ɗaya yana iya shafar wasu. A shekarar 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya mallaki bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kaiwa miliyan 87, don amfanin yaƙin neman zaɓe. Mutane kimanin dubu 270 ne kawai suka yi amfani da manhajar tambayoyin da ta kwashi bayanan, sauran abokansu ne waɗanda ba a nemi izininsu ba. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

A Nijeriya batun yana da tushe a doka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A watan Yuni na 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, ta kuma bai wa mutum damar sanin bayanansa da wata ma'aikata take riƙe da su da neman a gyara kuskuren da ke ciki. Saboda haka, game da haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, tambayoyin da suka fi amfani su ne: wa yake riƙe da bayanan, wa aka yarda ya gani, kuma da izinin wa? Waɗannan ana iya neman amsarsu, saɓanin cewa "ana sauraron kowa" ko "babu komai".

7.0 Hanyar Auna Zance

Ɗalibin da zai zama malami zai haɗu da irin waɗannan maganganu a aji da wajen aji, kuma yara da iyayensu za su ɗauki maganarsa da muhimmanci. Yana da kyau ya saba da yin waɗannan tambayoyi huɗu:

i. Wa ya faɗa? A maye gurbin "an" da suna. Idan ba a samu suna ba, zancen yana nan a matsayin jita-jita.
ii. Me aka ce ya faru? A duba aikatau da kyau, ko "saurara" ne, ko "tattara", ko "sayar".
iii. Yaushe kuma a ina? Abin da ya faru a Amurka a 2013 ba hujja ba ce a kan abin da ake yi a wata ƙasa a yau.
iv. Me zai nuna cewa zancen ƙarya ne? Zancen da mai shi ba zai sauya ba ko wace hujja aka kawo ya fita daga fagen bincike.

Idan mutum zai isar da zancen da bai tabbatar ba, wajibi ne ya bar masa "wai" ɗinsa. Idan kuma ra'ayinsa ne, ya sanya "a ganina".

8.0 Kammalawa

An ga yadda zaɓen kalma yake shigar da ra'ayi cikin labari, da yadda alamomin shakka suke zubewa yayin da zance yake yawo. An kuma kawo zargi ɗaya da ya tabbata da ɗaya da ya rushe, aka nuna cewa ƙarfin muryar mai magana bai bambance su ba, hujja ce ta bambance su. Mai saurin yarda yana iya kai wa ga ƙona dukiyar jama'a, mai saurin ƙaryatawa kuma yana iya barin haƙƙinsa ya salwanta. Aikin malamin harshe shi ne ya horar da ɗalibai su san matsayin kowace jimla kafin su ɗauke ta su kai gaba.

9.0 Jinga

1. Bambance tsakanin sirri da asiri, tare da misalai bibbiyu.
2. Bayyana aikin "an" da "wai" da "ashe" a cikin jimla.
3. Mene ne bambancin sauraron kira da tattara bayanan kira?
4. Kawo hujjoji biyu da suka rushe zargin da aka yi wa 5G.
5. Saurari labaran rediyo na Hausa na kwana uku, ka fitar da jimloli goma da suka shafi kimiyya ko fasaha, sannan ka kasa su zuwa tabbataccen zance da rahoto da ra'ayi.